Ranar Yaya da Ranata

Ranar da muryar Baba ta fara ɓacewa daga kwamfuta ni ce na buɗe shago, shi ya sa laifin ya faɗo a kaina tun kafin a tabbatar akwai laifin.

Ni da Yayata muna da ɗan ɗakin ɗaukar murya a saman bene. Ƙasanmu mai ɗinkin labule ne, gefenmu kuma mai gyaran tabarau. Mun lulluɓe bangon da soso da tsofaffin barguna don kada hayaniyar titi ta shigo, amma duk da haka in babbar mota ta zo wucewa sai mun yi shiru mun ba ta girmanta. Talla muke ɗauka: mai sabulu, mai makarantar koyon tuƙi, da mai maganin sauron da shi kansa ba ya kwana sai a cikin gidan sauro. Tun da cikina ya yi nauyi, ita kuma yaranta suka koma makaranta mai nisa, muka raba safiya. Yau ita ta buɗe, gobe ni. Wadda ba ta buɗe ba sai da rana take leƙowa.

Baba tsohon direba ne na dogon zango, kuma mutum ne da in ya fara magana sai dai kai ka gaji. A kan idonmu muryarsa ta fara dusashewa, muna ta cewa mura ce, har ranar da likita ya zaunar da mu ya ce ciwon da ke maƙogwaronsa ba zai fita ba sai tare da wurin da murya ke fitowa. Za a yi aikin, zai rayu in Allah ya yarda, amma ba zai ƙara magana ba. Aka sa rana. Muna fitowa daga asibiti Baba ya ce to, maƙwabta sun huta. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Yaya ce ta kawo shawarar a ɗauki muryarsa kafin ranar ta zo. Da sassafe yake zuwa, don a lokacin muryar ke buɗewa, kafin rana ta take ta koma kamar ana jan buhu a kan siminti. Duk wadda ta buɗe shago ita ke zama da shi. Yaya, da yake komai nata a tsare yake, tambayoyi take masa ɗaya bayan ɗaya, tun daga haihuwarsa. Ni kuwa ba na tambayarsa komai. Da na danna maɓalli sai ya juya kujera ya fuskanci cikina, ya kama hira da wanda ke ciki. Ya ba shi labarin hanya, ya yi masa gulmata, har da wata waƙa da ya ƙirƙira wa kansa don korar gyangyaɗi a kan sitiyari, ta wata tsohuwar mota da ta rantse sai ta hau tudu. 'Ya'yan Yaya sun san muryar kakansu, sun sha tsawarsa sun sha dariyarsa. Nawa kuwa sai bayan aikin zai iso duniya. Abin da na ɗauka a safiyoyin nan shi ne duk abin da zai taɓa ji daga bakin Baba.

Mai gyaran kwamfutarmu Zan-Duba muke ce masa, don ko gaishe shi ka yi, amsar da za ka samu ke nan. Shi ya ce kada a cakuɗa muryar Baba da tallar sabulu. Aikin shago yana kan babban faifai, wani baƙin akwati da ke ƙarƙashin tebur da tasa wayar wuta, wanda in an kunna shi sai ya yi ta gurnani da miƙa kamar tsoho kafin ya farka. Zan-Duba ya kawo ƙaramin faifai ja wanda bai cika tafin hannu ba, ya jona shi, ya ce daga yau duk abin da muka ajiye a foldar da ya sa wa suna Baba, wadda ke cikin foldar aiki, a kan jan faifai yake sauka. In an gama sai mu zare abinmu mu kai gida. Muka ce to. Ni dai na ga folda, na ga suna, ban nemi ƙarin bayani ba.

A ranar da nake ba ku labari, na gama da Baba ya tafi, ina cikin yanka tallar koyon tuƙi, sai ga Yaya. Ta ce in matsa, tana so ta saurari inda suka tsaya jiya. Ta buɗe foldar Baba. Ta yi ƙasa, ta yi sama, ta sake yin ƙasa. Sannan ta juyo ta yi min irin kallon da take min tun ina share hanci da hannun riga.

"Auta, ina nawa?"

Na leƙa. Nawa suna nan reras, nata ko ɗaya babu. Na ce ban taɓa komai ba. Ta ce ai kullum ban taɓa komai ba, haka ma gilashin tagar ɗakinmu ya fasa kansa muna yara. Na fara rantsuwa, ta ce in bar rantse-rantse da ciki a gaba. Nan take ta kira Zan-Duba.

Ya zo da jakarsa, ya saurare mu mu biyu a lokaci guda, ya ce zai duba. Abin da ya yi kawai shi ne ya kashe kwamfutar ya sake kunna ta. Da ta tashi, ga na Yaya nan duka, ba wanda ya yi ciwon kai. Yaya ta yi ajiyar zuciya, ta ba ni haƙuri da rabin baki. Zan-Duba ya fara rataya jaka yana hura hanci. Ni ce na ce a dakata tukuna, domin yanzu nawa ne babu.

Daga nan kai ya kulle. Na ce ai ɗazu suna nan, Yaya ma ta gani. Yaya ta ce ita nata take nema, ba ta tsaya karanta sunaye ba, ta dai ga wasu abubuwa a jere. Zan-Duba ya gyara murya ya tambaye ni ko na tabbata ina danna wurin ajiyewa in na gama ɗauka. Raina ya ɓaci. Na ce masa duk tallar da ke fita daga ɗakin nan ni nake yanka ta, ba yau na fara ganin maɓalli ba. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya sa kwamfuta ta nemo sunayen da na faɗa masa, ta yi ta juyi ta dawo hannu rabbana. Ya ce zai duba, ya tafi.

Washegari ranar Yaya ce. Na zo da rana na buɗe foldar, shiru. Na sauka na zauna a matattakala na yi kuka har na gode Allah, sai ga mai labule ya fito min da kujera ya ce zama a kan siminti ba na mai ciki ba ne.

Da gari ya sake wayewa ni ke da buɗewa. Baba bai zo ba, Yaya ta kai shi gwajin jini. Na kunna kaya, na buɗe foldar ba don ina sa rai ba, irin yadda harshe ke komawa wurin haƙorin da aka cire. Sai ga su. Duk nawa, daga na farko har na ƙarshe, na Yaya kuma ko alama. Na tsaya ina kallonsu, na kasa ko murna. Na danna ɗaya don in tabbatar ba idona ba ne, muryar Baba ta cika ɗakin, tsohuwar mota tana haki a gindin tudu. Na ce yau ba zan yi sake ba, sai na kwafe su a filasha. Na duba aljihun tebur, wadda ke ciki ta cika da tallar sauro. Na ja ƙofa na sauka zuwa shagon waya da ke kan kwana, ina tafiya irin ta masu ciki, ƙafa ɗaya tana jiran 'yar'uwarta.

Da na dawo na tarar da Yaya a kan kujerata. Daga asibiti ta biyo, ta leƙa foldar ta ga nata sun sake ɓata, hankalinta ya tashi, ta yi abin da ta ga Zan-Duba ya yi: ta kashe ta kunna. Nata sun dawo. Tana faɗa min haka tana murmushi, ni kuma ina tsaye da sabuwar filasha a hannu.

Ban san na iya faɗa haka ba sai ranar. Mai tabarau sai da ya buga bango. Yaya ta amsa cewa e, wannan karon ta ga nawa da idonta, amma abin da ta fahimta shi ne nawa ke korar nata. Na ce ko kuwa nata ke korar nawa. Ta ce nata ne na asali tunda su Zan-Duba ke gani. Na ce to tun da haka ne sai ta ce ni ma ba ta asali ba ce a gidan. Maganar ba ta da kai ba ta da gindi, amma mun yi ta har muka gaji.

Kowa ya kawo tasa. Mai labule ya ce cuta ce ta shiga kwamfutar, an taɓa yi wa ƙanin matarsa haka, hotunansa suka koma na wani mutum da bai sani ba. Mai tabarau ya ce mu zo ya gwada idanunmu mu biyu, kyauta. Mijina ya ce ya ji ana cewa ciki na sa mantuwa, na dube shi sau ɗaya ya ce shi ma ji ya yi ana faɗa. Zan-Duba kuwa kullum ya zo, abin da yake fara yi shi ne kashewa da kunnawa, sai na Yaya su bayyana, don haka shi bai taɓa ganin nawa ba ko sau ɗaya. Ya sa wata manhaja ta tono abin da aka goge, ta wuni tana aiki a kan jan faifai. Da yamma ya kira ni gefe, ya sassauta murya kamar mai gaida marar lafiya, ya ce ba a taɓa goge komai a faifan nan ba, kuma babu alamar nawa sun taɓa sauka a kansa.

Ni ce na lura cewa sau biyun da aka ga nawa, ni na buɗe shago. Yaya ta ce to a gwada, mu ga ko kwamfuta ta san hannu. Muka zo tare da safe. Ta buɗe ƙofa, ta yi 'yan kintse-kintsenta, sannan ta ja baya ta ce bismilla. Na danna maɓallin da yatsana. Kwamfuta ta tashi, na Yaya suka fito, nawa babu. Daga ranar Yaya ta karɓe makulli. Ta ce ƙafafuna sun kumbura, in riƙa hutawa da safe. Ni na san ba ƙafa ba ce, tsoro take wata rana nata su tafi su ƙi dawowa, kuma har cikin zuciyata ban ga laifinta ba. Na fara tambayar kaina ko da gaske na ji waƙar nan a ɗakin nan ranar, ko kuwa a kaina take. Sai in zura hannu a jaka in taɓa filashar, in ce to wannan fa, don me na saye ta?

Mun so mu ɓoye wa Baba, amma mutumin da ya yi shekaru yana karanta fuskar fasinja ta madubi ba a ɓoye masa irin wannan. Ya ce mene ne abin damuwa, waƙar tasa ce, ba aro ya yi ba, a kunna ya sake. Ya zauna gaban makirfo, ya juya kujera ya fuskanci cikina kamar da. Ya ɗauko baitin farko, muryar ta fito siririya, ta kai tsakiya ta karye. Ya sha ruwa ya sake. Wannan karon iska kawai ta fito, sai tari ya biyo baya, mai tsawo, har idanunsa suka kawo ruwa. Da ya lafa ya yi raɗa ya ce motar ta ƙi tudun yau. Na kashe na'ura na shiga banɗaki na rufe ƙofa. A ranar na san ba za a sake ba. Abin da aka ɗauka an ɗauka, in ya ɓata ya ɓata ke nan, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ofishin likita.

Safiyar da za a kwantar da shi a asibiti muka haɗu a shago gaba ɗaya, don a zare jan faifai a kai gida. Baba na zaune a kujerar baƙi da 'yar jakar kayansa a kan cinya. Likita ya ce ya adana abin da ya rage masa na murya, don haka tun a mota bai ce uffan ba. Zan-Duba ya zo yin gwaji na ƙarshe, wanda bai bambanta da na farko ba. Ban san wadda ta fara ba, sai ji na yi muna ciki. Yaya ta ce da ina yin abu a natse da ba a kai nan ba, komai nawa garaje. Na ce da ba ta kashe kwamfuta ranar ba da yanzu suna cikin jakata. Ta ce nata fa, in bar su su tafi? Zan-Duba ya sunkuyar da kai yana goge allon da ba shi da datti.

Baba ya ƙwanƙwasa tebur da makullin gida. Muka juyo gare shi. Ya miƙe, ya ajiye jaka, ya fita waje ya ja ƙofa. Muna kallon juna sai ya turo ta a hankali ya shigo, ya ɗaga haɓa, ya tsuke baki. Ko makaho ya san Yaya yake kwaikwayo. Ya durƙusa gaban soket kamar mai gaida surukai, ya yi kamar ya danna makunni. Ya tashi ya ɗauki tsintsiyar da babu, ya share nan, ya share can, ya ɗaga ƙafar baƙon da babu ya share ƙarƙashinta. Ya buɗe taga, ya goge makirfo, ya duba shi a haske, ya sake gogewa. Sai can ya zo gaban kwamfuta, ya miƙa yatsa ɗaya, ya yi kamar ya danna ta da ladabi.

Ya sake fita. Wannan karon ƙofar bango ta daka. Ya shigo ya turo ciki gaba, hannu ɗaya a ƙugu, ya wurga jakar da babu kan kujera. Bai ko sunkuya ba, ya kai wa makunnin soket shuri da babban yatsan ƙafa, hannunsa kuma ya mari maɓallin kwamfuta a lokaci guda, ya faɗa kujera yana fifita da hannu. Dariya ta ƙwace wa Yaya har ta dafa bango. Ni ma na yi, ina share hawaye, don wallahi haka nake yi, tun da sunkuyo ya gagare ni. Shi Baba so yake kawai mu bar faɗa kafin ya tafi.

Zan-Duba ne kaɗai bai yi dariya ba. Bakinsa a buɗe yake kallon ƙarƙashin tebur.

"Haka kike kunnawa, tare da juna?" ya tambaye ni.

Na ce to da yaya ake yi, wuta ce fa. Ya tambayi Yaya ranar da muka yi gwajin hannu wa ya kunna soket. Ta ce ita, kafin ta yi shara, kamar kullum. Ya kashe kwamfutar, ya kashe soket, ya ɗaga hannu ya ce a jira. Muka tsaya muna sauraron baƙin akwatin nan har gurnaninsa ya mutu murus. Sannan ya matsa gefe ya ce in yi yadda na saba, kada in gyara komai. Na ji kunya, amma na kai shurin, na mari maɓallin. Allo ya kawo haske, can daga baya tsohon akwati ya fara miƙarsa. Zan-Duba ya buɗe foldar Baba. Nawa suna nan, har yau a jere yadda na bar su.

Ban jira bayani ba. Na zaro filasha na miƙa masa, na ce ya kwafe kafin wani ya yi numfashi. Yaya ta ɗora hannayenta biyu a ka, ta ja baya daga tebur don kada ma a ce ta taɓa.

Sai da aka gama ya ɗauko tiren shayinmu da ƙaramin faranti. Ya ce tire shi ne babban faifai, faranti shi ne ja. In kwamfuta ta tashi, ɗaya bayan ɗaya take ɗora faifai a mazauninsa, kuma mazaunin ja a kan babba yake. Ya ajiye tire, ya ɗora faranti a kai: wannan ranar Yaya ce, kafin ta gama shara babba ya farka, an ɗora shi, an ɗora ja a bisansa, abin da ta ɗauka ya sauka a faranti. Ya kwashe, ya ajiye faranti a kan tebur, ya rufe shi da tire: wannan ranata ce, babba na barci, kwamfuta ba ta jira ba ta ɗora ja, daga baya babba ya farka ya zauna a kansa. Ya zuba ɗan sukari a tsakiyar tire ya ce ga nawa nan, a kan babban faifai suke sauka, ba su taɓa zuwa kan ja ba. Sannan ya zaro farantin ya kife shi a kan sukarin. Ya ce duk sanda shi ya zo ya kashe ya kunna, babba a farke yake, abin da yake yi ke nan da hannunsa, yana rufe su yana nemansu.

Yaya ta ce ta gane. Ni na ce na gane, amma gaskiya har yau in na yi tunanin folda ɗaya mai suna ɗaya tana da ciki biyu, kaina juyawa yake. Mai tabarau da ya leƙo ya tambaya ko za a sha shayin ne.

Zan-Duba ya buɗe wani fayil mai baƙin allo da fararen rubutu, inda ake gaya wa kwamfuta faifan da za ta ɗora in ta tashi. Ya ce shi ya ɗauka tunda ya rubuta babba a sama, ja a ƙasa, haka za ta bi, ashe wanda ya riga shiryawa take ɗauka. Ya ƙara 'yan kalmomi: a jira babba komai nawarsa, kuma kada a ɗora ja sai babba ya zauna. Ya mayar da nawa kan jan faifai kusa da na Yaya. Aka gwada da shurina, aka gwada da sharar Yaya, har da goge makirfo. Duk biyun foldar ta buɗe da namu gaba ɗaya, nata da nawa a cakuɗe, rana bayan rana.

Akwai sauran lokaci kafin mu tafi, sai na danna waƙar. Muryar da ta fito daga lasifika ta fi ta mutumin da ke zaune a gabanmu kauri nesa ba kusa ba. Baba ya karkata kai yana saurare kamar an kawo masa gaisuwar tsohon aboki. Motar ta yi haki, ta ja baya, ta rantse, ta hau tudun, shi kuma a cikin lasifika ya fashe da dariya ya ce wa na cikina uwarka ma haka take, ba ta san jira ba. Na juya in ga ko Yaya za ta ce ta faɗa. Ba dariya take ba.

"Ni bai taɓa yi min waƙa ba," ta ce a hankali.

Baba ya nuna ta da yatsa, ya kwaikwayi mai jero tambayoyi, ya buɗe hannu alamar ina ta ba shi fili. Na ce a danna nata ɗaya. Aka faɗa kan inda yake ba da labarin wata fasinja da ta zauna bayansa ta yi ta kushe tuƙinsa tun daga tasha har aka sauka, ya rantse ba zai sake ɗaukarta ba. Sai da ya kai ƙarshe na gane mahaifiyarmu ce. Ina ƙarama ta rasu, kuma ban taɓa jin labarin nan ba, don ni ban taɓa tambaya ba. Na ji kishin Yaya, na ga ita ma tana jin nawa, muka rasa wadda za ta ba wata haƙuri.

Zan-Duba ya miƙa hannu zai zare jan faifai, Baba ya riƙe masa hannu. Ya ja kujera gaban makirfo. Yaya ta tuna masa maganar likita, ya kaɗa hannu. Na danna maɓalli. Ya matso har leɓensa na taɓa soso, ya tattaro abin da ya rage.

"Babba," ya ce, yana kallon Yaya. Ya huta. "Auta." Ya sake hutawa, ya dubi cikina. "Sai kai, ko ke. Ban san sunanka ba tukuna. Ga wurinka nan."

Ya yi shiru, ya ɗaga yatsa kada in kashe. Wata babbar mota ta zo ta wuce a ƙasa, bai sauke yatsan ba sai da ƙararta ta ɓace. Sannan ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakarsa, muka sauka.

Aikina ne yanke shiru. Duk tallar da ta biyo ta hannuna, ba na barin ko numfashi a tsakanin kalma da kalma. Amma shirun nan da Baba ya bari, ban taɓa shi ba. Yarinyar tana rarrafe yanzu, kuma in na kunna mata, kakanta na zaune a gefe da ƙyalle a wuya yana kallonta. In aka zo wurin shirun, sai ya nuna ni da yatsa, ni kuma in faɗi sunanta.